Kwance kaya a aji: koyon ƙira ne ko wasan noti da sukundireba?

Malamin Ƙira:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ƙarshen zangon da ya wuce, na ce bari in kawo shi gaban manya. Shekara ta huɗu ke nan ina koyar da 'yan aji ɗaya darasin tsara ƙira. Bara na sauya salo. Maimakon in fara da allo, sai na tattaro matattun fanka goma sha biyu, na raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni fanka ɗaya, na ce su kwance. Ajin ya yi armashi, ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi. Amma da rahotanni suka zo sai jikina ya yi sanyi. Kowa jero mini sunaye ya yi: fukafukai uku, mota ɗaya (wato injin da ke juya fukafukan), kafasita ɗaya, noti kaza. Na tsare wani yaro na ce, ɗan fiyus ɗin nan da ka gani a ɗaure cikin kwayil, me ya sa aka cusa shi can ciki maimakon a sa shi a jikin waya inda hannu zai kai? Ya dube ni ya ce, "Haka suka yi shi, Malam." To shi ne nake tambaya, kwance kaya na koyar da ƙira kuwa, ko dai na ɓata makonni uku ne?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba yaron ne da laifi ba. Fanka ɗaya ka ba shi. Wanda ya ga abu ɗaya tak, ɗauka yake haka aka halicce shi, ba ya kawo wa ransa cewa wani mutum ne ya zauna ya zaɓa. Ka ba su biyu, masu aiki iri ɗaya, daga kamfani daban-daban. Su buɗe wannan su ga sandar motar tana juyawa cikin boris, wato zobe mai ƙwallayen ƙarfe, su buɗe wancan su tarar bushin ne kawai, zoben da ba ƙwallaye. Nan take tambayar za ta fito daga bakinsu ba tare da ka roƙa ba.

Mai Gyaran Fanka:
Allah ya gafarta Malam, ni ban yi karatun injiniya ba, amma amsar tambayarka tana hannuna kullum. Wannan fiyus ɗin ba ƙarfin wuta yake ji ba, zafi yake ji. Dole ya manne da kwayil. In mai ya bushe a bushin, sandar ta yi tauri, motar sai ta tsaya tana gurnani, wuta na shiga amma ba ta juyawa. Kwayil ya ɗauki zafi. Kafin ya kai ga kama wuta sai fiyus ya yanke, kuma ba ya dawowa. Da a waje aka sa shi, gida zai ƙone shi yana nan garau.

Sai dai ga abin da zan faɗa tsakani da Allah. Na kwance fanka ba adadi, masu boris da masu bushin duka. Amma ka ba ni farar takarda ka ce in tsara sabuwa, ban san inda zan fara ba. Don haka ban sani ba ko maganar Baba Injiniya ta wadatar.

Malamar Lissafi:
Madalla da wannan gaskiyar. Ni dama ina da ja, kuma ba yau na fara ba. A 1991 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jansson da Smith, sun gwada abin nan a kan ɗaliban injiniya. Aka ba rukuni biyu aiki ɗaya, misali su tsara kofin da ba ya zubar da abin sha. Rukuni ɗaya aka nuna musu samfuri, ɗayan ba a nuna musu komai ba. Waɗanda suka ga samfurin sai ga su suna maimaita siffofinsa, har da tsinken zuƙa da aka ce musu kada su sa. Ido ya riga ya gani, ƙwaƙwalwa ta kafe a wurin. To ku kuna so ku ɗauki yaro ɗan aji ɗaya, wanda bai taɓa tsara komai ba, ku cika masa ido da amsar wani. Gobe ka ce ya kawo hanyar sanyaya ɗaki, fukafukai uku da mota zai zana maka.

Tsohon Injiniya:
Malama, binciken da kika kawo samfuri ɗaya aka nuna musu. Maganata ke nan.

Malamar Lissafi:
Ranka ya daɗe, in ka nuna masa biyu sai ya kafe a tsakanin biyun. Duk fanka ce.

Ɗalibar Aji Uku:
Ku gafarce ni in sa baki cikin maganar malamai. Mu an yi mana wannan darasin, kuma abin da ya zauna mini ya faru ne kafin a ba mu sukundireba. An ajiye mana butar lantarki a kan tebur, irin mai kashe kanta in ruwa ya tafasa. Malaminmu ya hana kowa taɓa ta. Ya ce kowa ya ɗauki takarda ya zana abin da yake zaton yana ciki da ke sa ta san ruwa ya tafasa. Ni na zana ma'aunin zafi a nutse cikin ruwa, da wayoyi, da ɗan allon lantarki mai lissafi. Ƙawata ta zana agogo mai ƙirga mintuna. Ya karɓe takardun ya kulle a durowa.

Sannan ya ce a kunna ta da murfi a buɗe. Ruwa ya yi ta tafarfasa, buta ta ƙi kashe kanta. Aka rufe murfin, ba a jima ba sai ƙas! ta mutu. Ajin ya yi tsit. Ma'aunina da ke cikin ruwa ina ruwansa da murfi?

Da muka kwance, ba allo, ba lissafi. Wani siririn bututu ne ya bi ta bayan hannun butar, yana ɗaukar tururi daga sama zuwa ƙasa. A ƙarshensa akwai ɗan faifan ƙarfe da bai fi farcen babban yatsa ba, ƙarfe iri biyu manne da juna. Ɗaya ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi, don haka da tururi ya buge shi sai ya ɓalle ya juya ciki waje, ya ture makunnin. Na riƙe shi a tafin hannuna ina jin kunyar zanena mai kaya goma sha. Har yau in zan ƙara wani abu a tsarina sai faifan nan ya faɗo mini.

Malamin Ƙira:
Ƙanwata, kin ba ni abin da na rasa. Ni ban sa su yi hasashe ba. Sun buɗe ne ba su da abin da za su ci karo da shi.

Malamar Lissafi:
Wannan na yarda da shi, domin yaron ya fitar da nasa tunanin kafin ya ga na wani. Amma ku lura, abin da ya yi aiki a nan zanen farko ne da gwajin murfi. Sukundireba daga baya ta zo.

Injiniyar Masana'anta:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni a wurin aiki kwance kayan abokan gasa sana'a ce, ba wasan aji ba, kuma sababbin injiniyoyi da ake kawo mana yawancinsu ba su iya karanta kaya ba. Ina nufin karantawa kamar wasiƙa. Ɗauki kowane murfin roba ka juya cikinsa. Za ka ga wasu ƙananan da'irori a shafe, wurin da sandunan turowa suka fitar da shi daga mol, wato mazubin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, ke nan. Za ka ga siririn layi ya kewaye shi, nan ne rabi biyu na mol suka haɗu. Bangonsa bai miƙe sak ba, ya ɗan kishingiɗa da digiri ɗaya ko biyu don ya zame ya fita. Haƙarƙarin da ke ƙarfafa shi daga ciki sun fi bangon siranta, wajen rabinsa ko sama da haka kaɗan, domin in suka yi kauri sai fuskar waje ta lotsa yayin da robar ke hucewa. Sau da yawa ma an rubuta sunan robar, kamar >ABS< ko >PP<. In ka ga >PA66-GF30<, nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari, sai ka tambayi kanka wane nauyi ko wane zafi ne ya sa aka kashe kuɗi a wannan gurbin kaɗai. Wani lokaci har da ɗan zagaye mai kibiya da ke nuna wata da shekarar da aka zuba shi.

Duk wannan yana gaban idon ɗalibi, amma in ba a koya masa harafin ba, roba kawai yake gani.

Sai abu na biyu, kuma shi ne amsata ga Mai Gyara. Tun farkon shekarun 1980 Boothroyd da Dewhurst suka fito da tambayoyi uku da ake yi wa kowane yanki na kaya. Yana motsi dabam da abin da yake jikinsa? Dole ne a yi shi da wani abu dabam, kamar inda ake son ya hana wuta wucewa? Dole ne ya zama a ware don a iya harhaɗawa ko a kwance? In duka ukun amsar a'a ce, to yankin nan zai iya narkewa cikin maƙwabcinsa. Ka sa ɗalibi ya bi fanka biyu da waɗannan tambayoyin yanki-yanki. Zai tarar a ɗaya an ɗaure murfi da noti huɗu da washa huɗu, a ɗayar harshen roba biyu ne ke kamawa. Daga nan ka ce ya rage yankuna biyar ba tare da aikin ya lalace ba. Ya fara ƙira ke nan, ba da farar takarda ba.

Mai Gyaran Fanka:
Hajiya, wannan harshen robar da kike yabo shi ne abokin gabana. Sau ɗaya ake buɗe shi, na biyu ya karye. Mai noti huɗu kuwa ko sau ashirin.

Injiniyar Masana'anta:
Ai shi ya sa ya kamata a kai ka ajin, Malam Mai Gyara. Mu daƙiƙun layin haɗawa muke ƙirgawa, kai shekarun bayan sayarwa kake gani. Dukanmu muna da gaskiya, kuma wanda ya tsara kayan dole ya ɓata wa ɗayanmu. Faransa ma a watan Janairun 2021 ta wajabta a riƙa liƙa wa wasu kaya makin sauƙin gyara daga cikin goma, kamar wayar hannu da kwamfutar cinya da talabijin. Abin da da ba ya shiga lissafi yanzu ya shiga.

Ɗan Kallo:
Ni fa tambayata dabam ce. Duk wannan ba koya wa yara satar fasaha ba ne da sunan ilimi?

Tsohon Injiniya:
Ɗana, zauna in ba ka labari biyu ka auna da kanka. A 1933 Kiichiro Toyoda, wanda ya kafa kamfanin motoci na Toyota, ya sayi mota ƙirar Chevrolet, shi da mutanensa suka kwance ta ƙwaya-ƙwaya. Injinsu na farko a kan nata aka ɗora shi, har wasu kayan ɗaya na shiga ɗaya. Amma sun sha wuya kafin su iya zuba gangar injin ba tare da ta lalace ba, domin siffar suka gani, yadda ake zubin bai zo a cikin motar ba. Wahalar nan ita ce makarantarsu. A 1936 suka fitar da motar AA, sauran labarin kuwa ka san shi.

Na biyu, a 1944 jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 guda uku suka yi saukar gaggawa a gabashin Tarayyar Sobiyet. Stalin, shugaban Sobiyet, ya ba Tupolev, mai ƙera jirage, umarnin a kwaikwayi samfurin yadda yake. Aka kwance ɗaya gaba ɗaya, aka auna komai. Sai ga matsala: Amurkawa da inci suke awo, fatar jirgin kashi ɗaya cikin 16 na inci ce, wajen milimita 1.6, masana'antun Sobiyet kuwa da milimita suke murza alminiyon, ba su da wannan kaurin. In an ƙara jirgi ya yi nauyi, in an rage ƙarfi ya ragu. Dole suka koma lissafi, wuri-wuri, don sanin inda zai ɗauki ragi. A 1947 kwafin, mai suna Tu-4, ya tashi. Ko wanda aka ce masa kwafa kawai bai tsira daga tambayar me ya sa ba.

Batun doka kuma, sayen abu a kasuwa ka buɗe don ka fahimta dabam, ƙera irinsa ka sayar alhali takardar haƙƙin ƙirƙirarsa na da rai dabam. Takardar nan a yawancin ƙasashe shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da ita, kuma sharaɗin bayar da ita shi ne mai ita ya bayyana wa duniya yadda abin ke aiki. Ni da zan ba Malam shawara, sai in ce ya haɗa wa ɗalibai da takardar abin da suke kwancewa in ta samu. A nan mai ƙirar ke faɗin matsalar da yake gudu da bakinsa.

Ɗan Kallo:
Na ji, Baba. Amma kamfanonin da suka riga suka yi nisa ai ba sa buƙatar wannan.

Tsohon Injiniya:
Xerox fa? Su suka mallaki kasuwar injin kwafe takardu. Wajen 1979 suka farga kamfanonin Japan na sayar da injinsu a kusan kuɗin da su Xerox ke kashewa wajen ƙera nasu. Suka sayo, suka kwance, suka jera kusa da nasu. Babba ne ya koma ɗalibi.

Malamar Lissafi:
Labarin jirgin nan nawa ne, ranka ya daɗe, ba naka ba. Da awo ya ƙare musu, lissafi suka koma. Bari in ba ku misali ƙarami. Duk wanda ya taɓa kwance keke ya san fedar hagu tiredinta a juye yake, in ka murɗa ta yadda ka saba sai ƙara ɗaurewa take. Ɗalibi zai gani, zai rubuta. Ka ce me ya sa, zai ce don kada juyawar feda ta kwance ta. Ka ce ya bi juyawar da yatsa, sai ya tarar gogayyar boris ɗin ta ɓangaren kwancewa take ja, a fedar hagu da ta dama duka. Ke nan amsarsa ta kife. Ainihin dalilin ba ya ganuwa ko ka kwance keke ɗari. Nauyin ƙafa ne ke zagaya sandar a cikin raminta, sai ta riƙa mirginawa a hankali ta kishiyar ɓangaren. Ku gwada yanzu: ku yi zobe da babban yatsa da manuni, ku sa fensir a ciki sako-sako, ku riƙa zagaya bakinsa yana gogar zoben. Za ku ga fensirin na juyawa baya-baya. Wannan sai wanda ya san abin ya nuna. Kayan ba sa magana.

Ɗalibar Aji Uku:
Malama, na gwada da biro yanzun nan. Wallahi yana juyawa. Amma da a allo kika fara gaya mini, ba tare da na taɓa kokawa da feda ta ƙi kwantuwa ba, da na haddace na manta.

Malamar Lissafi:
Ban musa ba, 'yata. Abin da nake tsoro shi ne a cinye makonni ana kokawa da feda, ranar fensir ba ta zo ba.

Malamin Ƙira:
Abin da ya faru da ni ke nan, in an bi ta gaskiya. Na san ba ni na fara ba, Sheri Sheppard ta buɗe irin wannan kwas a jami'ar Stanford tun farkon shekarun 1990, kuma keke na cikin abin da ɗalibanta ke kwancewa. Jami'ar Penn State ma ta yi nata daga baya. Ni sunan kawai na ɗauko, na bar aikin. Ga wata tambayar: dole ne su mayar da kayan yadda yake? Bara na bar musu a warwatse, muka share muka zuba a kwali.

Mai Gyaran Fanka:
Subhanallahi. Malam, ai a mayarwa ake gane wanda ya gane. Kowa ya iya kwancewa, har yaro ɗan shekara biyar. In ka gama ɗaurewa ka ga sifirin ɗaya ya rage a tebur, to akwai abin da ba ka fahimta ba, kuma kayan ne da kansa zai tona ka. Ni yaran da nake koya wa aiki, farin ƙyalle nake shimfiɗa musu, su jera komai daga hagu zuwa dama yadda ya fito, su ɗauki hoto kafin kowane mataki. Kuma akwai wasan da nake musu: in cire abu ɗaya in mayar da sauran, in ce su kunna. Cire kafasita ka ga fanka ta tsaya tana gurnani, ka tura fiffiken da ɗan sanda ta kama juyawa, ta kowane ɓangare ka tura ta. Ba sai ka yi dogon bayani ba.

Injiniyar Masana'anta:
Amma don wannan wasan sai da kaya masu rai, ba matattu ba. Kuma tunda an zo nan, don Allah Malam ka tace abin da za ka kawo. Kada maikurowef ya shigo ajin 'yan aji ɗaya, kafasitarsa na iya riƙe wajen bolt 2,000 bayan an zare shi daga soket. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma haka. Ko 'yar kyamarar nan da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, batirinta bolt 1.5 ne amma kafasitar filashinta na tara kusan 300. Batirin wayar hannu kuwa in tsinin sukundireba ya huda shi wuta yake kamawa. In za a kunna abu a buɗe, hannun malami kaɗai.

Malamin Ƙira:
Na rubuta. Ga yadda nake gani a zango mai zuwa. Kowane rukuni kaya biyu masu aiki ɗaya, kuma masu rai. Ranar farko ba sukundireba, zane ne da gwaji daga waje, in karɓe takardun. Rahoton kuma ba zan ba da maki a kan jerin sunaye ba. Bambanci biyar nake so tsakanin kayan biyu, kowanne da dalilin da suke zato, da abin da mai ƙirar ya samu da abin da ya sadaukar. Sannan su mayar, ya tashi.

Malamar Lissafi:
Ƙara ɗaya. Cikin biyar ɗin, ɗaya aƙalla su tabbatar da shi da lamba, ko da kaurin waya ne da wutar da take ɗauka. Kuma na biyun kada kullum ya zama ɗan'uwan na farko. Wani rukunin ka ba su fanka da famfon busa tayar keke, duk iska suke turawa. Ina so in ga ko za su iya faɗin aikin ba tare da sun ambaci fiffike ba.

Malamin Ƙira:
Famfon na karɓa. Lambar kuwa, 'yan aji ɗaya ne, Malama, ba su kai nan ba a darasin lantarki sai mako na tara.

Malamar Lissafi:
To ka matsar da fankarka mako na goma.

Mai Gyaran Fanka:
In kun daidaita makon ku sanar da ni. Ina da biyu a ajiye, ɗaya boris ɗaya bushin, duka suna tashi. Mai bushin ɗin kada a sa mata mai kafin yaran su gan ta, ina so su ji ƙarar da kunnensu.